Kwana-Uku da Ɗakin Awon Jini

Yayan matata mutum ne da ba a taɓa gaya masa magana ya ce bai sani ba. Ko haihuwa aka yi a gidanka yau da safe, ka je ka faɗa masa, zai ce ai tun jiya ya ga alama. Shekara goma sha ɗaya ya yi a sashen ajiyar kaya na sakatariyar ƙaramar hukumarmu yana gadin tsintsiya da kujerun roba, ni kuma ina direban ofis.

Ana nan sai umarni ya zo daga sama, wai kowace ƙaramar hukuma ta fitar da mutum ɗaya da zai riƙa haɗa kan ayyukan lafiyar ƙwaƙwalwa da walwalar jama'a. Shugaban ƙaramar hukuma ya duba wanda ya fi cika masa kunne a bakin ofis, ya ce a tura shi bita ko ya huta. Kwana uku ya yi a can. Ya dawo da takardar shaida cikin gilashi, da jaka mai igiya, da usur rataye a wuya, ya ce daga yau sunansa Kodineta. A gabansa haka ake kiransa, a bayan idonsa kuwa Kwana-Uku. Ni dai Yaya nake ce masa, don ƙanwarsa nake aure, kuma ina son zaman lafiya a gidana.

Ranar da na ɗauko shi daga tasha, ko zama bai gama yi a mota ba ya ce, "Ka san ƙwaƙwalwar ɗan Adam kashi nawa ce?"

Na ce, "Ban sani ba, Yaya."

"Uku ce. Akwai ta gaba, akwai ta baya, akwai wadda ba a gaya wa direbobi."

Na ce Allah ya ƙara sani, na sa giya.

To, aikin da aka ɗora shi a kai, da ma akwai mai yin sa. A can bayan sakatariya, kusa da famfo, akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofa biyu. Ƙofar gaba tana kallon baranda inda ma'aikata ke zaman gulma, ita kullum a rufe take. Ta baya tana fita wani lungu, ita ce a buɗe. A ciki akwai Sista, wata dattijuwar nas gajeruwa marar yawan magana, da tebur, da kujera biyu, da na'urar awon jini. Duk wanda ya shiga ɗakin nan, awon jini ya je. Haka zai gaya wa matarsa, haka zai gaya wa maƙwabcinsa. Sista za ta naɗe maka abin a dantse, ta matsa 'yar robar nan fus-fus, ta dubi allurar, sannan ta ce, "Ya ɗan hau. Me kake ɗauke da shi a rai?" Shi ke nan sai ka ji bakinka ya buɗe. Wanda abinsa ya yi nauyi ta rubuta masa takarda zuwa ga likita a babban asibiti, wadda miji ya bari da 'ya'ya ta raka ta ofishin jin daɗin jama'a da ƙafarta, wanda kuma kunne kawai yake nema ta ba shi.

Na san ɗakin nan ciki da bai, don ni ma ɗan awon jini ne. Shekara biyu da suka wuce babbar mota ta shigo mini a hanya, wanda ke zaune a gefena bai tashi ba. Tun daga nan da na kama sitiyari sai hannuna ya ɗauki rawa, ƙirjina ya riƙa dukan uku-uku. Na ɓoye, don in aka ji a ofis mukulli za a karɓe, ni kuwa ban iya wata sana'a ba. Sista ce ta haɗa ni da likita, kuma duk Talata nake zuwa mu zauna. Da ɗakin nan nake tuƙi, da shi nake ciyar da iyalina.

Sati ɗaya da dawowar Yaya sai ga wasiƙa. Wai nan da sati uku mai duba aiki za ta zo daga sama, duk sashen da ta ga ba ya amfanar kowa za a rufe shi. Shugaba ya ce da ma yana neman inda zai tara karyayyun kujeru. Da na ji haka na ce shi ke nan, tawa ta ƙare. Yaya kuwa har da tafi.

Ya shiga ɗakin Sista, ni ina biye da shi riƙe da jakarsa, ya tsaya ya ƙare wa wurin kallo.

"Sista, ina allon ofishin nan?"

"Babu, Kodineta."

"Ina rajistar sunaye?"

"Ba na rubuta suna."

"Wannan kuma na'urar me take yi a nan? Mu sashen ƙwaƙwalwa ne, ba sashen jini ba."

Sista ta ce, "Ita ce ke kawo su."

Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki. "Sista, ke kin san allura, ni na san tsari. Mutane ba sa zuwa ne don ba su san da mu ba. Ki ba ni kwana bakwai, in layi bai kai bakin titi ba ki canza mini suna."

Na ce, "Yaya, ai suna zuwa, ta baya suke…"

"Na sani! Abin da za a gyara ke nan. Mu ɓarayi ne da za a riƙa zuwar mana ta lungu?"

Kafin la'asar ya sa an garƙame ƙofar baya da kwaɗo, an wangale ta gaba, an mayar da na'urar awon jini sashen lafiya. Washegari aka kafa allo, tsawonsa ya fi ƙofar kanta, da jan fenti: OFISHIN MASU TAƁIN HANKALI DA DAMUWA. KU SHIGO, KADA KU JI KUNYA. Ya ajiye tebur a baranda da ƙatuwar rajista mai gida huɗu: suna, unguwa, sunan mai gida ko mata, irin taɓin.

Kwana bakwai suka cika, ko kaza ba ta shigo ba. Mai gadi ya ce ya ga mutum biyu sun zo ta lungu, sun taɓa kwaɗon, sun juya. Ma'aikata ma suka daina bi ta gaban allon, sai su zagaye ta bayan bayi, kada a ce an gan su. Ni kaina Talata ta zo ta wuce ban shiga ba. Ta yaya zan shiga, surukina na zaune a bakin ƙofa da biro a hannu? Ranar Laraba hannuna ya fara ɗan motsi a kan sitiyari.

Na sami Sista ita kaɗai a ɗaki tana goge tebur da ba shi da ƙura. Na ce, "Sista, za ki zuba ido ya kashe mana wuri?"

Ta ce, "Na gaya masa sau uku, sau uku ya ce ya sani. Na je wurin Shugaba, ya ce Kodineta ne mai takardar shaida. Yaya hannun?"

Na ce da sauƙi. Ta dube ni, ta san ƙarya nake yi.

Yaya kuwa ya gano inda matsalar take. Ya ce mutanen garin nan ba sa karatu, allo ba zai yi musu ba, sai an bi su da murya. Aka ɗaura lasifika a kan motar ofis ranar kasuwa, ni ina tuƙi, shi yana gefe da makirfo.

"Jama'a! Jama'a! Duk mai damuwa, duk mai rashin barci, duk wanda kansa ya ɗan kwance, ya garzayo sakatariya! Kodineta ya iso!"

Mutane suka riƙa kallonmu kamar masu tallan maganin ɓera. Da ya ga ba wanda ya garzayo, sai ya fara zaɓe da kansa.

"Kai mai jar hula! Na gan ka kana magana kai kaɗai! Alama ta ɗaya ke nan, ka zo gobe da safe!"

Mutumin ya zare 'yar wayar da ke kunnensa ya ɗaga. "Da mahaifiyata nake waya, malam. Ga ta nan, tana tambaya wane ne ya kwance yake ihu a kasuwa."

Aka kwashe da dariya. Na ce, "Yaya, mu wuce."

"Tsaya, ga wani da na sani." Ya gyara murya. "Tela! Tela mai shago na uku! Ai ina ganinka kana bi ta lungunmu! Sati biyu ba ka zo ba, ko ka warke ne?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san telan nan, tun da ɗansa ya rasu yake zuwa. Ya miƙe daga kan keken ɗinki, almakashi a hannu.

"Awon jini nake zuwa!"

Sai mahaucin da ke kusa da shi, wani ƙato mai wuya kamar turmi, ya sara wuƙarsa a kan katako. "Ni ma awon jini nake zuwa. Akwai mai magana?"

Wata mai kayan miya ta ce, "Ni ma."

Mai gyaran takalmi ya ce shi ma. Kafin ka ce me, an yi mutum goma sha, kowa yana hararar motarmu. Yaya ya sauke makirfo ya dube ni da mamaki.

"Ikon Allah! Ashe hawan jini ya yi yawa a garin nan haka? To wannan ba sashenmu ba ne."

Ɓawon lemo ne ya fara sauka a gilashi, sai ruwan wanke-wanke ya biyo baya ta tagar Yaya. Na fizge wayar lasifikar, na taka mota. Yana share fuska da hularsa yana cewa, "Ka gani ko? Alama ta biyu ke nan, saurin fushi. Garin nan gaba ɗaya yana bukatata."

Ana gobe mai duba aiki za ta zo, rajista tana nan fara fat. Wani zai karaya, ban da Yaya. Ya tara mai gadi, da mai shara, da tsohon masinjanmu, da mai buga takardu, ya jera su a baranda.

"Gobe ku ne marasa lafiya. Da ta tambaye ku, kowa ya ce: a da ina cikin damuwa, amma da na haɗu da Kodineta sai na warke."

Mai shara, wata tsohuwa da bakinta ba ya da birki, ta ce, "Ni lafiyata ƙalau, ɗan nan."

"Iya, ai shi ya sa. Kin warke ke nan."

"To yaushe na yi ciwon?"

"Wannan ni na sani. Ke dai ki haddace."

Sannan ya ce zai koya musu numfashin kwantar da hankali, wanda za a nuna wa baƙuwa. In ya busa usur sau ɗaya a ja iska a riƙe, in ya busa sau biyu a saki. Ya busa sau ɗaya. Sai wayarsa ta yi ƙara, mai rumfar taron gobe ne, ya juya baya yana ta ciniki kan inda za a kafa. Sauran duk suka saki abinsu, amma mai gadi tsohon soja ne, ba ya saɓa umarni. Ya ƙame, kumatu suka kumbura, ido ya firfito, jijiyar wuya ta miƙe. Sai da mai shara ta ɗaka masa duka a baya sannan ya dawo duniya yana tari.

Yaya ya juyo ya gan shi a durƙushe yana haki. "Yauwa! Haka ake so. Damuwar ce take fita."

Da gari ya waye aka kafa rumfa a harabar sakatariya, aka jera kujerun roba daga tsohon sashen Yaya, aka sa wata mai laushi a gaba don baƙuwa. Yaya ya sa babbar riga ya ɗora usur a kai. Ya gayyato matarsa da tawa su zauna a layin gaba su ga aiki. 'Yan kasuwa kuwa ba wanda ya gayyace su, su suka kawo kansu, tela da mahauci da sauransu, suka tsaya a bayan rumfa don su ga yadda za ta ƙare.

Saura kamar rabin awa lokacin zuwan baƙuwa ya yi, sai ga wata mata ta shigo a ƙafa, 'yar siririya, da mayafi marar ado da silifas. Ta tsaya ta karanta allon nan tun daga sama har ƙasa, sannan ta matso teburin Yaya.

"Sannu da aiki. Nan ne ake ganin masu damuwa?"

Yaya ya kusa tashi sama don murna. Ya dube ni. "Ka gani? Talla ta yi aiki!" Ya buɗe rajista. "Suna?"

Ta faɗi sunanta, ya rubuta bai ko ɗaga kai ba, alhali sunan nan yana ƙasan wasiƙar da ke aljihunsa.

"Irin taɓin?"

"Ban sani ba tukuna, shi ya sa na zo."

"Ni na sani. Idonki ya nuna. Damuwa ce mai mataki na biyu. Kina da miji?"

"Akwai."

"To shi ne."

Ta ce, "A nan baranda za mu yi maganar, gaban mutane?"

"Baiwar Allah, yau ba ranar magana ba ce, muna da baƙuwa. Zo ki zauna nan kusa da Iya. In ta tambaye ki, ki ce a da kina cikin damuwa, amma da kika haɗu da Kodineta kika warke."

"Ai yanzu na haɗu da kai."

"Aikina yana da sauri. Kada ki ji tsoronta, na san irinsu. Ba abin da suka sani sai kujera mai laushi da ruwan sanyi. Minti goma zan juya ta, ta sa hannu ta tafi."

Matar ta ce, "To, ranka ya daɗe," ta zauna tsakanin mai shara da mai gadi. Na ga tana ta hira da su ƙasa-ƙasa, mai shara kuwa ta samu kunne, sai zuba take.

Can sai ga mota mai lambar gwamnati. Shugaba ya fito daga ofis yana gyara hula. Yaya ya busa usur, ya ruga ya buɗe ƙofar baya har da rusunawa. Ba kowa a ciki sai jaka. Direban ya fito, ya ɗauki jakar, ya ratsa ta gaban Shugaba, ya wuce kujera mai laushi, ya je layin marasa lafiya.

"Hajiya, ga jakarki."

Ashe haka take aikinta. A bakin titi take sauka, ta shigo a ƙafa, ta ga yadda ake karɓar wanda ba kowa ba.

Usur ya faɗo daga bakin Yaya. Gumi ya keto masa har ta cikin babbar riga. Hajiya ta ce a ba ta makirfo, ba ta ko tashi daga inda take ba.

"Kodineta, minti gomanka sun fara. Ina son in ji waɗanda suka warke."

Yaya ya miƙa wa mai shara makirfo, yana yi mata alama da ido. Tsohuwa ta miƙe ta gyara ɗaurin zane.

"Ni dai a da lafiyata ƙalau. Tun da na haɗu da Kodineta, kullum sai na share ɓawon lemo a cikin mota, ga haddar ƙarya da tsufana. Jiya kuma ya kusa kashe mana mai gadi."

Mai gadi ya miƙe ya ƙame. "Gaskiya ne, ranki ya daɗe. Har yanzu bai busa na biyun ba."

'Yan kasuwa suka fashe da dariya, mahauci har yana dukan ƙarfen rumfa. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce a kawo rajista. Ta buɗe shafin farko, ta buɗe na biyu, ta rufe.

"Sati uku, mutum ɗaya, ni ce kuma. Shugaba, ba ni da abin da zan rubuta sai gaskiya. Wurin da ba mai zuwa, rufe shi ake yi."

Shugaba ya ce, "Da ma kujeru sun yi mana yawa."

Na dubi Sista. Tana tsaye a ƙofar ɗakinta, ta rungume wani ɗan littafi. Na san ba za ta ambaci sunan kowa ba ko da za a rushe ginin a kanta. Na dubi tela, ya sunkuyar da kai. Wallahi tsoro na ji, irin wanda ban ji ba tun ranar hatsarin. Ga Shugaba, ga matata, ga duk 'yan gulmar baranda. Amma na tuna Talata uku da na yi ba ɗakin nan, na tuna yadda hannuna ya koma. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ranki ya daɗe, akwai mai zuwa. Ni ne. Shekara biyu ina zuwa, kuma ba jini ne ke kawo ni ba."

Na faɗi komai, hatsarin, da rawar hannun, da likitan da Sista ta haɗa ni da shi, da ƙofar baya da aka sa wa kwaɗo, da na'urar da aka ɗauke.

Shugaba ya zaro ido. "Direba! Kai da kake tuƙa ni?"

"Ranka ya daɗe, shekara biyu ina kai ka ina dawo da kai ko taya ba ta taɓa hawa dutse ba. Ɗakin nan ne ya sa."

Sai na ji murya daga baya. Tela ne. "Ni ma ba jini ba ne."

Mahauci ya share ido da bayan hannu ya ce, "Ni ma. Kuma har yanzu ina tambaya, akwai mai magana?"

Ba mai magana. Mai kayan miya ta ɗaga hannu, mai gyaran takalmi ya ɗaga, har mai buga takardu da aka kawo don ta yi ƙarya ta ɗaga da gaske. Sista ta matso ta miƙa wa Hajiya ɗan littafinta. Babu suna ko ɗaya a ciki, sai kwanan wata, da 'yan zane-zane, da inda aka tura kowa.

Yaya ya ga abin yana neman gyaruwa ba da shi ba, sai ya fizgi makirfo. "Ai duk wannan na san da shi! Tsarina ne, na matsa musu ne don su fito fili. Ni da a gidana ko mutum ɗaya babu mai damu…"

Bai ƙarasa ba, don a layin gaba matarsa ta ɗaga hannu.

"Ke kuma? Sauke hannunki, ba ƙuri'a ake ba!"

"Na san abin da ake, Malam. Duk Alhamis nake zuwa."

"Ba kin ce mini awon jini ba? To me ke damunki a gidan Kodineta?"

"A makirfo kake son amsar, ko sai mun je gida?"

'Yan kasuwa suka haɗa baki, "A makirfo!"

Ta miƙe, ba ta ɗaga murya ba. "Shekara ashirin da biyu ban taɓa kai magana ƙarshenta ba a gidan nan. Da na fara sai ka ce ka sani. A ɗakin Sista ne kaɗai nake buɗe baki in rufe da kaina."

Yaya ya buɗe baki. "Ai na sa…" Sai ya tsaya. Ya dubi matarsa, ya dubi jama'a, ya ja baya ya zube kan wata kujerar roba. Kujerar kuwa tana cikin waɗanda shi da kansa ya rubuta cewa lafiyarsu lau lokacin yana sashen ajiya. Ƙafarta ta baya ta tafi, Kodineta ya bi ta, ƙafafu a sama, babbar riga ta rufe masa fuska, usur ya yi 'yar ƙara sau biyu a ƙarƙashinsa.

Mai gadi ya sauke dogon numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi, ya busa."

Ko Hajiya sai da ta rufe baki da mayafi. Da aka lafa ta yanke hukunci a tsaye. Ɗaki yana nan. A cire kwaɗo, a rufe ƙofar gaba, a dawo da na'ura yau ɗin nan, a sauke allo. Kodineta kuma ba ta kore shi ba, ta ce aikinsa daga yau shi ne kai takardun Sista asibiti da ofishin jin daɗin jama'a, a manne, ya karɓo amsa a manne. Usur ta ce a ba mai gadi.

Ni dai ina tsaye ina jiran a ce in ajiye mukulli. Shugaba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Me kake jira? Kawo mota, ina da taro." Matata kuwa sai da muka je gida ta yi mini nata faɗan, wai don me ban gaya mata ba, tana faɗa tana kuka tana zuba mini abinci.

Talatar da ta biyo na bi ta lungu kamar yadda na saba. An kwantar da allon nan a kan bulo huɗu, rubutun yana kallon ƙasa, ya zama bencin jira. A ƙarshen bencin akwai wani mutum ya ja hula har gira, ya kare fuska da jarida. Takalmin na gane.

"Yaya?"

Ya sauke jaridar kaɗan. "Awon jini na zo."

"To, Yaya. Duk shi muke zuwa."

Ya shiga kafin ni. Awa ɗaya da rabi ina zaune, har tela ya zo ya same ni, muka yi ta hira. Da ya fito idonsa ya yi ja, yana naɗe hannun riga. Ya tsaya a gabana ya yi gyaran murya, na ce a raina to ga lacca nan tafe.

Sai ya ce, "Wanda ya rasu a motar nan, abokinka ne?"

Na ce, "Tare muka tashi, Yaya."

Ya zauna kusa da ni a kan allonsa.

"Ban sani ba," in ji shi. "Gaya mini."